Zama guda da shai hong, baƙin shayin da rana ta busar

Shai hong baƙin shayi ne da ake yi a lardin Yunnan, kudu maso yammacin ƙasar Sin, wanda a matakin ƙarshe ake shanya shi a rana maimakon a busar da shi da iska mai zafi a inji. Wannan mataki guda shi ke juya sauran al'amarin: ƙamshinsa, yadda yake karɓar ruwa, daɗewar da yake yi a ajiye, har da irin kuren da mai jiƙa shi kan tafka. Wanda ya saba da baƙin shayin inji, da ya shinshina busasshen ganyen zai ce ƙamshin ya yi ƙasa, kuma da gaskiyarsa. Daɗin wannan shayi a cikin ruwansa yake, ba ya kuma fitowa sosai sai an kai zubi na uku zuwa na bakwai, domin ganye ɗaya ake ta zuba wa ruwa ana tsiyayewa sau da yawa. Zan bi zama guda tun daga awon ganye har juye shi, da abin da nake dubawa a kowane mataki.

Sai an san abin da aka yi wa ganyen kafin a gane abin da harshe ke ji. Itacen shayin Yunnan mai faɗin ganye ne, dangin na Assam ta Indiya, ganyensa kuwa ya fi na gabashin Sin ƙarfi da bauri. Ana tsinkar toho da ganye biyu ko uku na ƙasansa, a baza a kan faifan gora a inuwa har ya yi yaushi, yadda in ka lanƙwasa karan ba zai karye ba. Daga nan a murza shi, da hannu ko da inji, don ruwan cikinsa ya fito fili. Sai a tara shi a kwando, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle na wasu sa'o'i, ya sha iska ya juya daga kore zuwa ja, kamar yadda farin goro ke yin ja a inda aka gatsa. Har nan aikin ɗaya ne da na sauran baƙin shayi.

Sanannen baƙin shayin Yunnan, wato Dianhong, wanda Feng Shaoqiu ya fara haɗawa a gundumar Fengqing a ƙarshen 1938 aka soma fitar da shi waje a 1939, lokacin da yaƙi da Japan ya toshe yankunan shayi na gabas, da zafin da ya haura digiri 100 na Celsius ake busar da shi. Zafin nan yana kashe sinadaran da ke sa ganye ya yi ja, ya tsayar da aikin cak, ya kuma tayar da ƙamshi mai ƙarfi irin na gasasshen dankalin Hausa da narkakken sukari. Shanya a rana kuwa tsohuwar hanyar mutanen Yunnan ce, da ita ake busar da ganyen da ake yin shayin Pu'er, wani shayin Yunnan da ake ajiyewa ya tsufa. Zafin rana a kan tabarmar gora ba ya kaiwa inda zai kashe sinadaran nan duka. Abu biyu ke biyo baya. Tun da ganyen zai ci gaba da yin ja a sa'o'in farko na shanya muddin da sauran danshi a jikinsa, mai haɗawa yakan kwashe shi daga kwando da wuri, tun bai gama nuna ba. Bayan ya bushe kuma, da sauran rai a cikinsa, yana ci gaba da canzawa a hankali wata da watanni. Shi ya sa ake yawan matse shi a yi curi mai faɗi, na giram 100 ko 200 ko 357, don a ajiye.

Curin da nake sha yanzu na giram 200 ne, ganyen bazara daga tsaunin Jingmai a yankin Pu'er, wanda ya shekara biyu da matsewa. Jingmai shi ne wurin da hukumar UNESCO ta sa tsofaffin dazuzzukan shayinsa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2023, kuma ganyensa ya yi suna da ƙamshin fure. Ana samun shai hong mai kyau daga yankunan Lincang da Xishuangbanna na Yunnan ma, kowanne da halinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai gaiwan, ƙaramin kwanon tangaran mai murfi da faranti, nawa yana cin mililita 110. Akwai kofin gilashi mai bakin tsiyaya da ake juye shayin a ciki kafin a raba, zan kira shi kofin rabo. Sai finjali mai farin ciki don a ga launi, da mataci, da sikelin da ke auna giram ɗaya-ɗaya, da basilla ko siririyar wuƙa marar kaifi ta ɓamɓarar curi. Na fi son tangaran a kan butar yumɓu wajen ɗanɗano, saboda yumɓu yana shan ƙamshi yana kuma rufa wa ganye asiri, ni kuwa so nake in ji aibinsa in akwai.

Ruwa ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne kuma abin da aka fi rainawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana kashe wannan shayi: launin ya dushe, wani siririn fatsi-fatsi ya taso a sama, zaƙin ya ɓace. Kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan ne ke haɗuwa da sinadaran ganyen. In ruwan na ɗauke da ƙarfe, daga tsohon bututu ko tanki mai tsatsa, shayin baƙi-baƙi zai yi maimakon ja. Ruwan famfo mai warin kulorin a tare shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana, ko a tace. Hanya mafi sauƙi ta gane ruwa ita ce a leƙa cikin butar da aka saba dafa shi: in farin ɓawo ya kama gindinta, a nemi wani ruwan. Ina amfani da ruwan gora wanda bakina bai ji gishiri-gishiri a cikinsa ba, kuma ba na maimaita tafasa ruwa ɗaya sau da yawa, domin yakan sa shayi ya yi lami.

Ɓamɓarar curi na da ladabinta. Ana kwantar da shi, a soka basilla ta gefen baki, a bi tsakanin shimfiɗar ganyen, sannan a ɗaga a hankali ya ɓantare falle-falle. Wanda ya soka ta sama ya karya, zai tara ɓurɓushi, shi kuwa ɓurɓushi yana sakin ɗaci da bauri cikin sakan kaɗan, tun manyan ganyen ba su buɗe ba. Kada basillar ta fuskanci hannun da ke riƙe da curin, takan suɓuce. Na auna giram 6, wato kusan giram ɗaya ga kowace mililita 18 zuwa 20 ta ruwa. Kashi biyu cikin uku falle ne, sauran kuma warwaren ganye da ya zubo. Haɗin nan na da amfani: warwaren shi ke ba zubin farko ƙarfi, fallen kuma ya riƙe na baya. In ganyen ba na curi ba ne, kada a auna da ido ko cokali, saboda dogo ne mai cika wuri, abin da ka ɗauka giram 6 ne sai ka tarar 3 ne.

Na fara da ɗauraye gaiwan da kofin rabo da finjali da tafasasshen ruwa, na zubar. Kwano mai sanyi yana iya sauke zafin zubin farko da digiri da yawa, ƙamshi kuma ba ya tashi a cikinsa. Sai na zuba busasshen ganyen cikin kwanon mai ɗumi, na rufe, na girgiza sau biyu, na ɗaga murfin kaɗan na kai hanci. Wannan shinshinar ita ce hukuncin farko. A ganye mai kyau ana jin zuma, da busasshen dabino ko zabibi, da wani ƙamshi na busasshiyar harawa wanda masu shayin Yunnan ke dangantawa da rana. Wannan na ƙarshen yana da ƙarfi a sabon ganye, yana raguwa bayan watanni. Abin da ba a son ji shi ne warin fumfuna, ko hayaƙi, ko ƙauri, ko tsami mai sukar hanci. Fumfuna na nufin curin ya sha laima a ajiya, irin wannan ba a shan sa ko kaɗan. Hayaƙi kan shiga in hadari ya taso aka kwashe shanyar aka ƙarasa busarwa kusa da murhu. Tsami mai kaifi kuwa daga ɗayan biyu yake: ko an bar ganyen ya wuce lokaci a kwando, ko ranar shanya ta yi lumshi, ganyen ya daɗe da danshi a jikinsa.

Zafin ruwan da nake farawa da shi digiri 90 zuwa 93 ne. In babu ma'auni, a bar ruwa ya tafasa, a sauke, a buɗe murfin buta minti ɗaya zuwa biyu. Wanda ke wuri mai tudu ya rage jiran, domin a garin da ya kai tsayin Jos ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96. Akwai masu cewa tun da ganyen Yunnan mai kauri ne, a zuba masa tafasasshen ruwa kai tsaye. Curin da ya shekara biyu ko uku yana jure wannan. Sabon ganye kuwa tsami yake fitarwa, don haka nake farawa ƙasa in hau daga baya.

Ruwan farko na wanki ne. Na zuba, na rufe, na ƙirga sakan goma saboda curi ne, na tsiyaye na zubar. Warwaren ganye sakan biyar ya ishe shi. Ganyen da aka shanya a fili yana ɗaukar ƙura, wankin yana kawar da ita, yana kuma jiƙa fallen ya fara saki. Kada dai a ɗora masa abin da ba ya yi: ba ya cire kafeyin, ba ya cire maganin feshi. Bayan wankin nakan mayar da murfi in bar shi minti ɗaya, tururin da ke ciki ya buɗe fallen. Wanda ya tsallake wannan hutu zai ga zubi biyu na farko sun zo salam, na uku kuma ya zo da ƙarfin da ya wuce misali, saboda fallen ya buɗe gaba ɗaya lokaci guda.

Riƙon gaiwan shi ke ƙona yatsun masu koyo. Babban yatsa da na tsakiya su kama leɓen kwanon can sama inda ya buɗe, manuniya ta danne kan murfin, a karkata murfin ya bar siririyar kafa da ruwa zai bi ganye bai bi ba. Kada a cika ruwa har baki. In ruwa ya hau kan murfi, leɓen zai yi zafin da ba ya riƙuwa, mutum ya yi ta jinkiri, shayin kuma yana ta jiƙuwa.

Zubin farko na ba shi sakan goma, ina ƙirgawa daga lokacin da na gama zuba ruwa. Ruwan a jikin bangon kwanon nake sauke shi, a ƙasa-ƙasa, da siririn zubi. Ruwan da aka kwararo daga sama kan tsakiyar ganye yana juya shi da ƙarfi, ya fitar da bauri. Na tsiyaye ta mataci zuwa kofin rabo har ɗigon ƙarshe. Wannan ɗigon ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: cokali guda na ruwa da ya rage a gindin kwano zai ci gaba da jiƙa ganyen, ya zuba ɗacinsa cikin zubi na gaba. Bayan tsiyaya nakan goce murfin gefe ya bar kafa. In aka rufe ruf a kan ganye mai zafi, tururi na dafa shi, tsami kuma ya taso.

Launin zubin farko ruwan lemo ne mai haske, bai kai jan Dianhong na inji ba, haka kuma ya kamata ya kasance. In aka ɗaga kofin rabo wajen haske, ruwan ya zama garau, da zobe mai ruwan zinariya a inda shayin ya taɓa gilashi. Ban sha nan take ba. Na jira ya sauko zuwa wajen digiri 55 ko 60, inda leɓe ke jure shi ba da hurawa ba. Harshe ba ya jin zaƙi sosai a abu mai tsananin zafi, ga kuma batun lafiya: a 2016 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa shan abin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar dajin maƙoshi.

Kurɓar ɗanɗano daban take da ta ƙishirwa. Ana ɗaukar kaɗan, a zuƙo shi tare da iska har ya yi ƙara ya fantsama a ganɗa, a riƙe sakan biyu ko uku, a haɗiye, sannan a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne ƙamshin shai hong yake. Zubin farkon nan siriri ne, zaƙi kaɗan, ƙamshin fure can nesa. Da a nan za a yanke hukunci, da an ce shayin ba shi da komai.

Na biyu sakan takwas na ba shi, ƙasa da na farko, saboda ganyen ya buɗe yana saki da sauri. Launin ya ƙara ja. Nan ɗan tsami mai daɗi ya fito, irin na busasshen 'ya'yan itace, wanda ke wucewa kafin a haɗiye ya bar zaƙi. Bambance shi da tsamin aibi ba wuya: mai kyau yana gefen harshe, yana tafiya cikin sakan kaɗan, yana tsinko miyau, na aibi yana zama, yana sa a yamutsa fuska, yana ƙaruwa in shayin ya huce.

Na uku da na huɗu, sakan goma da sakan goma sha biyar, su ne inda shayin ya tsaya da ƙafarsa. Ruwan ya yi kauri a baki, yana da santsi da nauyi, har ana jin sa yana gangarawa. Zumar da hanci ya ji a busasshen ganye yanzu ta sauko harshe, dabinon ya biyo ta, ƙamshin furen Jingmai kuma ya koma bayan hanci ya zauna. Akwai bauri kaɗan a dasashi, kuma ina son sa a wurin, domin ganyen Yunnan da babu bauri ko kaɗan yawanci an bar shi ya wuce nuna, ba zai kuma yi nisa a ajiya ba. Abin dubawa shi ne ko baurin yana warwarewa. Na ajiye finjali na jira rabin minti ban sha komai ba. A ganye mai kyau, bushewar bakin nan tana juyawa, miyau ya taru a ƙarƙashin harshe, wani zaƙi ya dawo daga maƙogwaro wanda ba a ji shi ba lokacin da shayin ke baki. Masu shayi a Sin suna kiran sa hui gan, shi ne kuma babban abin da ake biyan kuɗi dominsa. A wannan curi ya kai minti biyu zuwa uku bai gushe ba. In kuwa bayan haɗiya maƙaƙi ne ya biyo, maƙogwaro ya bushe yana neman ruwa, to ko ganyen sabo ne ƙwarai yana bukatar hutun wata biyu zuwa uku, ko an ajiye shi inda rana ke dukansa.

A daidai nan nakan shinshina finjalin da na shanye, bayan ya ɗan huce. Ƙamshin da ya maƙale a gindinsa yakan fi na ruwan kansa zaƙi, yana kuma nuna ingancin ganye: na kirki yana nan har finjalin ya yi sanyi, na banza yana tashi tare da tururi.

Daga na biyar na ɗaga zafin ruwa zuwa 95, na ba shi sakan ashirin. Na shida sakan talatin, na bakwai arba'in da biyar da tafasasshen ruwa. Baurin ya tafi, tsamin ya tafi, abin da ya rage zaƙi ne tsantsa mai kama da ruwan rake, da ɗan ƙamshin itace. Wannan zangon ne ke raba shai hong da yawancin baƙin shayi. Na inji yakan zuba duk abin da yake da shi a zubi uku ko huɗu, sannan ya faɗi lokaci guda. Wannan a hankali yake sauka, kaurin ruwansa bai karye ba har na takwas, wanda na ba minti ɗaya, da na tara, minti biyu. Alamar ƙarewa ita ce a ji ɗanɗanon ruwa daban, na shayi daban. In wannan ya faru tun a zubi na huɗu, ganyen ba shi da ƙarfi, ko me aka rubuta a takardarsa. A nan ne nake gwada maganar masu sayarwa. Kalmar gushu, wato ganyen tsofaffin itatuwa, tana kan takardun curi da yawa fiye da abin da itatuwan za su iya bayarwa, farashi kuma yana ninkawa saboda ita. Ba na jayayya da takarda. Ina duba ko shayin ya kai zubi na takwas da kaurinsa, da kuma tsawon zaƙin da ke dawowa.

Na bar rabin finjali daga zubi na uku a gefe da gangan don ya yi sanyi. Shayi mai sanyi ba ya ɓoye aibi: ɗaci da tsami suna fitowa fili. Wannan ya ɗan yi hazo da ya huce, kuma ba laifi ba ne. Kafeyin ne ke haɗuwa da sinadaran da ke ba shayin launin zinariya, in aka ƙara ruwan zafi sai ya washe. Hazon da ake gudu shi ne wanda ke nan tun shayin na da zafi, wanda ke nuna ƙura ko ganyen da bai bushe da kyau ba.

Sai juye ganyen a farin faranti. Ya kamata a ga cikakkun ganye masu launin jan ƙarfe, da ɗan kore-kore a wasu wurare, shaidar cewa an kwashe shi kafin ya gama nuna. Na ja ɗaya tsakanin yatsu: yana da laushi da danƙo, bai yage da sauƙi ba. Ganyen da ya dame ya zama laka in an murza, ya wuce lokaci a kwando ko ya sha laima. Wanda ya yi baƙi ya ƙi buɗewa, ya ga wuta. In kore ya fi ja yawa, shi ne dalilin gafin ɗanyen ganye da za a ji a kofi. In kuma launuka sun bambanta sosai, wani ja wur wani baƙi, an gauraya ganyen tsinka daban-daban.

Ganyen bai ƙare aiki ba tukuna. Na mayar da shi ƙaramar tukunya da ruwa mililita 350, na bar shi a wuta kaɗan minti uku bayan ya tafaso. Ya ba da kofi biyu masu zaƙi, babu ɗaci, domin abin da ke ɗaci ya riga ya fita. Wannan ne kaɗai lokacin da dafawa ta dace da shi. Na faɗi haka saboda hannun da ya saba da koren shayin Sin da ake dafawa a buta kan gawayi, a juya har ya yi kumfa a zuba sukari, zai so ya yi wa wannan haka. Ganyen shai hong da ba a riga an jiƙa ba in aka dafa shi, ɗaci da tsami za su rufe komai, sukarin da za a zuba don gyara kuma ya binne zaƙin da aka sayi shayin dominsa. Madara ma ba ta karɓe shi ba, ya yi mata sanyin hali. Shayin madara aikin niƙaƙƙen baƙin shayi ne mai kaifi.

Wanda ba shi da gaiwan ba a bar shi a baya ba. Ƙaramar buta mai tsabta, wadda ba ta riƙe warin na'ana'a ko kanumfari ba, ta isa: giram 3 a ruwa mililita 250 mai zafin digiri 90, minti uku, a tsiyaye duka. Na biyu minti huɗu, na uku minti shida da tafasasshen ruwa. Ba za a ga sauyin zubi-zubi dalla-dalla ba, amma zaƙin da kaurin suna nan. Lokacin zafi kuma ana jiƙa giram 5 a ruwan sanyi rabin lita, a sa a firji sa'a shida zuwa takwas, a tace. Ruwan sanyi ba ya janyo bauri sosai, don haka furen da zumar ne ke fitowa.

Akwai gwaji guda da nake yi kafin in sayi curi da yawa, musamman ga wanda zai saya a babbar kasuwa irin ta Fangcun a Guangzhou inda ake ba da ɗanɗano. Mai sayarwa gwani ne, zai iya jiƙa ganye mai aibi da gajeren lokaci da ruwa mai sanyi-sanyi ya fito lafiya. Hanyar masu tantance shayi a Sin ita ce giram 3, tafasasshen ruwa mililita 150, minti biyar cif a rufe. Ba don daɗi ake yin ta ba, kowane ganye zai yi ɗaci. Amma na kirki ɗacinsa na warwarewa ya bar zaƙi, mai aibi kuwa tsaminsa da hayaƙinsa da maƙaƙinsa duk za su fito. In za a gwada biyu ko uku, a jera su a kwano iri ɗaya, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, a kurɓi ruwa tsakani. Kada a zo gwajin da bakin da ya ci yaji ko goro ko ya taɓa man goge haƙori cikin sa'a guda. Kada kuma a zauna dogon zama irin wannan da yunwa, ko daf da kwanciya, domin giram 6 na ganyen Yunnan kafeyin ɗinsa ba kaɗan ba ne. Mai ƙarancin jini ya raba shi da abinci da kamar sa'a guda, tun da shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Ragowar curin na mayar da shi takardarsa, na sa a jakar leda mai zif wadda ba ta da wari, na ajiye a kabad nesa da rana. Ganyen shayi yana zuƙar wari fiye da yadda ake zato: turaren wuta, kafur ɗin cikin kaya, yaji, daddawa, sabulu, duk wanda ya kwana kusa da shi zai fito a kofi, kuma ba ya fita. Firji ma bai dace ba, saboda raɓar da ke kama curin duk lokacin da aka fito da shi. A ƙasar Hausa yanayi biyu ne ke yi masa barazana. Da hunturu iska na bushewa ƙwarai, curin da aka bari a buɗe sai ya yi ƙamas, ƙamshinsa ya tashi, canjin da ake jira ya tsaya. A tsakiyar damina kuwa laima ce, ita ke kawo fumfuna. Rufaffiyar jaka tana maganin duka biyun, tun da danshin da ke jikin ganyen ya ishe shi ya ci gaba da nuna a hankali.

Ana yawan cewa shai hong ƙara tsufa ƙara daɗi. Ban yarda da maganar ba iyaka ba. Sabon ganye yana da gafi da ƙamshin harawa, bayan wata shida zuwa shekara suna kwantawa, tsakanin shekara ta biyu da ta uku zumar da dabinon suna kai ƙarshen ƙarfinsu. Bayan haka furen yana ja da baya, itace ya fi yawa, wanda kuma ya sayi curin don ƙamshin Jingmai zai ga ya yi asarar abin da ya biya. Don in san inda curi ya kai, nakan rubuta a jikin jakar ranar da na ɗanɗana, da giram, da zafin ruwa, da zubin da ruwa ya fara rabuwa da shayi. Bayan wata shida in maimaita da awo ɗaya da ruwa ɗaya. In zubin rabuwar ya matso kusa, ko finjalin da aka shanye ya daina riƙe ƙamshi har ya huce, lokacin ajiya ya ƙare, sai a fito da curin a riƙa shan sa kullum.